A Ji Tsoron Allah Wajen Sayar wa 'Yan Koyo Babur Na Hannu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ciniki da ake ƙullawa kullum a garuruwanmu, wanda ba kasafai labarinsa yake fitowa a jarida ba sai in an kama ɓarawo, wato cinikin ƙaramin babur na hannu, irin wanda mutanen Kano suke kira roba-roba. Ni malamin makaranta ne, kuma shekara takwas na yi ina hawan irin wannan babur daga gida zuwa wurin aiki, har ciwon gwiwa da raunin gani da daddare suka sa na haƙura na sayar da shi a watan da ya wuce. Abin da na gani da wanda na ji a cikin mako biyun da na yi ina neman mai saye, su suka sa na ɗauki alƙalami.

Ba a ɓoye yake ba dalilin da ya sa kasuwar wannan babur ta buɗe. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Masu motoci da dama suka ajiye su a gida suka koma babur, waɗanda suke shiga A Daidaita Sahu safe da yamma kuwa suka lissafa suka ga kuɗin mota yana neman cinye rabin albashinsu. A nan Kano kuma an hana acaɓa tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, saboda haka wanda yake son sufuri mai sauƙi sai dai ya nemi abin hawa na kansa. Sabon babur kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, domin galibinsu daga Sin da Indiya ake shigo da su ko kayan haɗa su, kuma darajar naira ta faɗi ƙwarai bayan an saki farashin canji a watan Yunin 2023. Mutumin da mafi ƙarancin albashinsa a doka naira 70,000 ne ba shi da inda zai nufa sai wajen na hannu.

Wanda ya nufi wajen kuma, mafi yawanci ƙaramin babur yake nema, kuma yana da hujja. Roba-roba ba shi da kulocin hannu, da ƙafa kawai ake sa giya, ba ya mutuwa don an tsaya da giya a ciki, kujerarsa ba ta da tsawo, mai gajeren ƙafa ma yana dire ƙafarsa a ƙasa, kuma gabansa a buɗe yake yadda mai babbar riga zai hau ba tare da ya tattare ta ba. Injinsa ƙarami ne, yawanci mai ƙarfin 110, ba ya shan mai kamar manyan baburan 'yan acaɓa, kuma babu unguwar da za ka rasa bakaniken da ya san shi. Asalin wannan ƙira daga Japan take, daga babur ɗin Super Cub da kamfanin Honda ya fara ƙerawa a 1958, wanda zuwa 2017 aka ƙera guda miliyan 100, kuma kamfanonin Sin irin su Lifan da Jincheng a kan wannan tsari suka yi nasu da suka cika titunanmu. Ma'anar wannan ita ce, masu sayen irin wannan babur a hannu su ne sabon malamin firamare, da ɗalibin kwaleji, da ma'aikacin asibiti mai aikin dare, da dattijon da bai taɓa riƙe kan babur ba sai da tsadar mai ta tilasta masa. Su ne mafi ƙarancin sanin inji a cikin duk masu shiga kasuwar babura, kuma su ne mafi ƙarancin kuɗin da za su gyara idan aka cuce su.

Babur ɗina yana da aibi biyu da na sani sarai. Na farko, ya fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ta salansa, musamman da safe, kuma bakanikena ya gaya mini ringin fistin ne ya cinye, shi ya sa baƙin mai yake ratsawa yana ƙonewa tare da fetur. Na biyu, shekara uku da suka wuce wata mota ta goge ni na faɗi, ƙarfen da yake riƙe tayar gaba ya lanƙwashe, aka miƙe shi amma bai koma daidai ba, har yau idan ka sassauta riƙon kan sai ka ji yana ɗan ja hagu. Da na kai shi wajen wani dillali da aka haɗa ni da shi, ya zagaya shi sau biyu, ya tayar da shi ya ja totur, sannan ya ce mini: "Malam, wannan ai wanka kawai yake so. A juye masa mai mai kauri, hayaƙin nan zai kwanta na kwana biyu. A canja robobin gefe, a wanke injin da kananzir. In mai saye zai zo kuma ka tashe shi tun da wuri ya yi zafi, kada ya same shi a sanyaye." Da na tambaye shi batun ƙarfen gaba, sai ya ce wanda bai iya tuƙi ba ai ba zai gane ba. Ya faɗi wannan magana ne cikin natsuwa, ba da alamar yana ganin ya faɗi wani mugun abu ba, kuma da ya ga fuskata ta canja sai ya kawo mini karin maganar da na ji a bakin mutane da yawa a wannan mako biyu, wai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A kan wannan karin magana nake so in tsaya, ya Edita, domin ita ce bangon da ake jingina da shi. Mai sayen rariya yana ganin hudojinta da idonsa, kuma saboda hudojin ma ya saye ta. Mai sayen babur na hannu ya san ba sabo ba ne, ya yarda fenti ya koɗe, kujera ta tsage, tayoyi sun yi tafiya, duk waɗannan yana ganinsu kuma da su yake tayawa. Abin da bai yarda da shi ba, kuma ba zai yarda ba da an tambaye shi, shi ne a toshe huda da gangan na kwana biyu don ya biya kuɗin ƙwarya a miƙa masa rariya. Mai mai kauri ba ya gyara ringi, jinkirta bayyanar ciwon kawai yake yi har kuɗi su shiga aljihu, bayan mako guda hayaƙi ya dawo, filogi ya riƙa yin baƙi yana mutuwa, baƙin mai ya riƙa raguwa ba tare da mai babur ya lura ba, wata rana inji ya buga a tsakiyar hanya. Sai mutumin da ya gudu daga kuɗin A Daidaita Sahu ya koma zuba kuɗi a gareji, tsugune ba ta ƙare ba.

Akwai kuma wata cuta da ta fi asarar kuɗi, wadda ban ji kowa yana ambatonta ba, kuma a matsayina na malami ita ta fi damuna. Ɗan koyo bai san yadda lafiyayyen babur yake ba, saboda haka duk abin da babur ya yi masa, kansa yake zargi. Idan babur yana ja gefe guda, sai ya ɗauka hannunsa ne bai zauna ba. Idan birki bai kama da wuri ba saboda takalmin birkin ya cinye, sai ya ɗauka haka birkin babur yake, ya ci gaba da shiga titi da shi. Idan inji yana mutuwa a mahaɗar hanya saboda kafireto ya toshe, sai ya ruɗe, masu motoci suna danna masa oda ta baya, ya sa giya da gaggawa ya fizga. Gwanin tuƙi da ya hau minti biyar zai ce wannan babur ba shi da lafiya, ya sauka, amma ɗan koyo zai yi wata uku yana fama, yana ganin laifin kansa, in Allah bai kiyaye ba sai ya tsinci kansa a gadon asibitin ƙashi na Dala. Wanda ya ɓoye lanƙwasar ƙarfen gaba ko mutuwar birki ya sayar wa irin wannan mutum, ba dukiyarsa kaɗai ya taɓa ba, ya sa hannu a cikin abin da zai iya samun jikinsa da na wanda ya goya.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Sananne ne a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa a cikin tsibin ya ji danshi, da mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. A hadisin Hakimu ɗan Hizam kuma, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, an ce idan mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, idan kuma suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe albarkar. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya wuce ta wurin da aka jero abubuwan da ba su halatta a ciniki ba, kuma ɓoye aibi yana cikinsu a fili, tare da algus da yaudara. Mun san waɗannan nassoshi tun muna yara, muna kawo su idan ana maganar mai tiyar da ya sa tsakuwa a shinkafa, amma idan aka zo kan babur sai mu sa wa abin suna wanka. Ban ga bambanci tsakanin jiƙaƙƙen hatsin da aka tura ƙasan tsibi da hayaƙin da aka danne da mai mai kauri ba.

Daga ƙarshe ban sayar ta hannun wannan dillali ba. Wani abokin aikina ya turo mini wani saurayi da aka ɗauka aiki a wani ƙaramin asibiti a bayan gari, wanda yake hawa mota biyu kafin ya isa wurin aikinsa. Na ce masa ya zo da sassafe kafin a tayar da babur, kuma ya zo da bakaniken da ya yarda da shi, ba nawa ba. Da suka zo na sa ya taɓa injin da hannunsa ya ji sanyinsa, aka tayar a gabansa, hayaƙin ya fito kowa ya gani. Na nuna musu inda aka miƙe ƙarfen gaba, na fito da ɗan littafin da nake rubuta ranar juyen mai da duk abin da na canja tun da na sayi babur ɗin. Bakaniken ya duba sarƙa da haƙoran sufoket, ya girgiza tayar baya, ya hau ya zagaya unguwa, ya dawo ya faɗi abin da gyaran ringi da canjin ƙarfen gaba za su ci. Na cire wannan kuɗi daga abin da na sa wa babur ɗin, da sharaɗin cewa ba zai fara koyo a kansa ba sai an canja ƙarfen. Saurayin ya ce: "Baba, da ba ka faɗa ba, wallahi ni ba zan gane ba." Na san gaskiya ya faɗa, kuma wannan magana tasa ita ce dillalin ya riga ya gaya mini, sai dai shi a matsayin dama ya ɗauke ta. Kuɗin da na karɓa bai kai wanda dillalin ya yi mini alkawari ba, kuma ba zan ce ragin bai taɓa ni ba, domin ina da buƙatar kuɗin.

Sai batun takardu, wanda a nan ne ake yin sakacin da ya fi kowane jawo nadama. Babura da yawa suna yawo daga hannu zuwa hannu ba rasiɗin asali, ba takardar sayarwa, wasu ma ba a taɓa yi musu lamba ba, ciniki ya faɗa a bakin titi, a ƙirga kuɗi, a miƙa makulli, a rabu. Wani ɗan ƙanwata ya taɓa sayen babur a haka saboda arha, bayan wata huɗu aka tare shi aka ce na sata ne, ya kwana biyu a tsare kafin mu samu belinsa, babur ya tafi, kuɗi suka tafi, wanda ya sayar masa kuwa har yau ba a san inda yake ba. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta tanadi ɗauri mai tsawo ga wanda ya karɓi kayan sata alhali ya sani ko yana da dalilin da zai sa ya yi zato, kuma arhar da ta wuce hankali tare da rashin takarda su ne farkon abin da za a tambaye shi a kansu. Mai sayarwa ma bai tsira ba, domin idan lamba tana ɗauke da sunansa aka je aka yi ta'asa da babur ɗin, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai, mun ga yadda babur ya zama abin hawan 'yan bindiga a dazukan Zamfara da Katsina da Kaduna, har a ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta jihar Katsina ta hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi a cikin matakan tsaron da ta ɗauka. Idan masu sana'a ba su tsaftace ta da kansu ba, irin wannan hani na bai ɗaya shi yake biyo baya, ya haɗa da mai gaskiya da maras gaskiya.

Mu da saurayin nan takarda ɗaya muka rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Mun sa sunayenmu da adireshi da lambar waya, da irin babur ɗin da launinsa, da lambar inji da lambar jiki bayan mun tsuguna mun karanta su a jikin ƙarfe mun gwada da abin da yake a rasiɗin asali, da kuɗin da aka biya, da aibi biyun nan a rubuce ƙarara, shaidu biyu suka sa hannu, ɗayansu mai unguwarmu. Bai ɗauke mu rabin awa ba. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ya yi umarni da a kafa shaida idan an yi ciniki. Bayan haka na ba shi rasiɗin da sauran takardu, na ce ya je ofishin lasin ya mayar da mallaka da sunansa.

Ba ina nufin duk dillalai macuta ne ba. Dillanci sana'a ce ta halal mai tsohon tarihi a ƙasar Hausa, kuma na haɗu da wani dattijo a cikinsu da ya ce mini shi ba ya karɓar babur ɗin da ba shi da rasiɗi ko nawa ne la'adarsa, kuma idan ya ga mai saye sabon shiga ne yakan kauce da shi daga babur ɗin da aka buɗe wa inji. Irin wannan dattijo nake roƙon shugabannin kasuwannin babura su mayar da halinsa doka. Su buga takardar ciniki iri ɗaya, da Hausa, da boko da ajami, mai gurbin lambar inji da lambar jiki da gurbin da mai sayarwa zai rubuta aibin da ya sani. Su ajiye babban littafi a ofishinsu da za a shigar da duk babur ɗin da ya shigo da wanda ya kawo shi. Su ba mai saye kwana uku, idan aibin da aka ɓoye ya bayyana a mayar masa da kuɗinsa, wanda dama haƙƙinsa ne a shari'a. Su kuma hana ɗabi'ar nan ta sa wani ya zo ya yi tayin ƙarya don a ɗaga wa mai saye farashi, wadda malamai suke kira najashi kuma hadisi ya hana ta. Kasuwar da aka san ta da wannan tsari ba za ta rasa masu saye ba, domin ƙaramin ma'aikaci ya fi son ya ƙara kuɗi kaɗan ya kwana da kwanciyar hankali.

Ga masu niyyar saye kuma, musamman matasanmu, kada kunya ta hana ku cewa ba ku iya ba. Ku je da wanda ya iya, ku nemi a tayar muku da injin yana sanyi, ku duba ko an goge lambar inji ko an sake buga ta, kada kuma ku dogara da nisan tafiyar da mita ta nuna domin cire wayarta ba wuya. Ku ware wani abu daga kuɗin don hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sawa tun ranar 1 ga Janairun 2009 amma har yau ba ka ganinta a kan yawancin mahaya, da lasin tuƙin babur, da inshora. Ku fara koyo a fili ko a layin da babu motoci, kuma kada ku goyi kowa sai hannunku ya faɗa. Ni tsohuwar hulata na haɗa wa saurayin nan da ita, na ce ya sayi sabuwa idan ya ɗauki albashi, domin tawa ta taɓa buguwa a faɗuwar da na yi, kuma hular da ta taɓa buguwa ba ta da ƙarfin da take da shi a da.

Ina roƙonka, ya Edita, ka tura wakilinka kasuwannin babura na Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, ya zauna da shugabanninsu ya tambaye su wane tsari suke da shi na tantance babur kafin ya shiga kasuwa, da abin da suke yi idan mai saye ya dawo da ƙorafin an ɓoye masa aibi, sannan ku buga mana amsarsu. Idan kuma hali ya yi, ku ware gefen shafi guda ku buga samfurin takardar ciniki da mutum zai iya yanka ya cike, domin da yawa daga cikin masu wannan ciniki a ƙauyuka da unguwanni ba su san abin da ya kamata a rubuta a cikinta ba.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani malamin makaranta, daga Kano.